Tayil ɗin Bakin Murhu

Gidan da muka saya a Amurka, a hanyar McLeansville, tsoho ne, ƙarami, rufinsa ya ɗan lotsa a tsakiya. Ɗaki biyu ne da falo, a falon kuma akwai murhu. Ba na girki ba. Rami ne a jikin bango, mai bututun hayaƙi da ya ɓulla ta saman rufi, inda masu gidan na dā ke hura wuta lokacin sanyi su zauna suna kallonta. Kafin in bar Zariya na yi shekaru ina koya wa 'yan matan kwalejin horon malamai littattafan Turawa, waɗanda mutanen cikinsu ba su da aiki sai tsayuwa a gaban irin wannan murhu suna shawarar aure ko ta gado. Na sha yin bayaninsa a aji, har da zane a allo. Ranar da na fara ganinsa ido da ido sai na tarar zanena ya fi shi kyau.

Kewayensa tayil ne kore, launin miyar kukar da ta kwana. Rabi ya tsattsage, wasu sun faɗo sun bar siminti a fili. A gabansa akwai ɗan dakali mai tudu, shi ma da koren tayil ɗin, tsawonsa ya isa mutum ya miƙe idan bai cika tsayi ba. Gidan yana da hita mai ɗumama ɗakuna, don haka muka jawo doguwar kujera muka tare wurin, muka manta da shi.

A farkon shekarun tamanin ne. Maigidana, wanda nake kira Malam, ya gama digirinsa na dakta a kan ilimin ƙasar noma, ya samu koyarwa a ɗaya daga cikin jami'o'in garin. Ni kuma ina tsakiyar digiri na biyu. Malamar da ke duba aikina dattijuwa ce, ta riga ta sanar za ta ajiye aiki a ƙarshen wannan shekarar karatu, kuma babu wani a sashen da ya damu da abin da nake rubutu a kai. In na gama kafin ta tafi, na gama. In ban gama ba, sai sabon lale a hannun wani. Ana cikin haka na samu ciki, na fari, likita ta ce a tsakiyar sanyi zan sauka.

Mahaifiyata, Hajiya, ba ta rubutun boko, gidanmu kuma babu tarho. Kaset muke aika wa juna ta hannun masu tafiya. Nata ya iso a jakar wani ɗalibi, tare da ƙullin daddawa. Bayan gaisuwa da lissafin waɗanda suka rasu da waɗanda suka haihu, ta gyara murya.

"Ke Malama." Haka take kirana tun da na fara koyarwa, kuma ba don girmamawa ba. "An ce min sanyin can har ruwa yake daskarewa a famfo. To, haihuwar fari a gida ake yi, ban ji an ce an canza ba. Wa zai dafa miki ruwa? Wa zai gasa miki nama? A ina za ki gasa jikinki? In sanyi ya shige ki yanzu sai kin tsufa kina jinsa, ni kuma lokacin ba na nan balle ki ce min na faɗi gaskiya. Ki shirya ki taho."

Na san lissafin wankan gida. A baki kwana arba'in ne. A aikace, wadda ta tafi da tsohon ciki sai yaro ya fara rarrafe ake tayar da maganar komawa, shi ma a hankali. In na tafi, karatun ya tafi. Kuma ba ni da bakin ce wa Hajiya a'a kai tsaye. Ba a taɓa gwadawa ba a gidanmu, ban ga dalilin da zai sa a fara da ni ba.

Na juya kaset ɗin na ɗauki amsa a bayansa. Na ce Hajiya ta kwantar da hankalinta, gidanmu da murhu a cikin ɗaki, ginanne, har da dakalin zama a gabansa, hayaƙi kuma ta sama yake fita. Abin da ya rage kawai uwa ce da za ta tsaya a kai. Ban yi ƙarya ba. Na dai bar bayanin halin da murhun yake ciki.

Amsa ta zo gajeriya. Baba ya yarda ta zo ta gani da idonta. In wurin ya yi, ta zauna har arba'in. In bai yi ba, mu juya tare tun jirgi na yarda ya ɗauki mai ciki.

Ranar muka janye doguwar kujera, muka tsaya muna kallon abin da na yi wa talla.

"Wannan ne murhun da kika faɗa mata?" in ji Malam.

"Akwai wani ne?"

"To, Allah ya rufa asiri. Sai a sake masa riga."

Malam yana da nasa ra'ayin a kan rigar. Mun taɓa zuwa cin abinci gidan malamar tawa a unguwar Sedgefield, inda gidaje ke zagaye da filin wasan golf, ciyawa a aske kamar kan ɗan makaranta ranar Litinin. Murhunta an kewaye shi da farin tayil mai shuɗin zane, kowane ɗaya da hotonsa: jirgin ruwa, yaro da sanda, kare yana bin zomo. Malam ya durƙusa yana dubawa har shayinsa ya huce. Tun daga ranar yake ganin ilimi ba ya cika sai da irin wannan tayil.

Anti ce ta kashe maganar. Matar wani Alhaji ce ɗan Katsina da ya riga mu duka zuwa garin, ita ke karɓar kowace sabuwar zuwa ta nuna mata inda ake samun barkono mai zafi da wanda za a guje wa. Ta leƙo ranar wata Asabar, Malam ya nuna mata hoton tayil ɗin a takardar talla.

"Haba Dakta. Kare? A falon da surukarka za ta shimfiɗa darduma? No, no, no. Ka ajiye wannan sai ka yi ritaya."

"Anti, ai akwai masu jirgin ruwa zalla."

"Ta tambaye ka ina za a je da jirgin, ka ce mata me?"

Kantin kayan ginin da muka je yana kan titin Wendover, a lokacin da ake iya tsallaka titin da ƙafa ba tare da an yi wasiyya ba. Mai kula da ɓangaren tayil wani dogo ne mai fensir a bayan kunne, mutumin kirki, irin wanda duk abin da ka ɗaga sai ya ce ka iya zaɓe. Na je da tambayoyina a shirye kamar mai shiga jarrabawar baka. Yana jure zafi? Yana jure ruwa, in tukunya ta tafasa ta zubo? Kitsen nama yana goguwa a kansa? A tambaya ta uku ya cire fensir ɗin daga kunne ya dube ni, sannan ya dubi Malam, ya tambaya ko murhun falo muke nufi. Muka ce shi. Ya mayar da fensir.

Ya fara nuna mana wani ja, mai kauri, marar ƙyalli, launin tukunyar ƙasa. Ya ce mutane da yawa shi suke sa wa a dakalin murhu. Ban ko taɓa shi ba. Hajiya ta baro daɓe a gida, ta hau jirgi ta keta teku, ta sauka ta tarar da daɓe? Me za ta je ta ba da labari? Na wuce zuwa wani fari tas, mai santsi, wanda fitilun kantin ke rawa a kansa. A kaina farin tayil shi ne ƙarshen ci gaba. Shi na gani a sabon ɓangaren asibiti, shi na gani a gidajen manyan ma'aikata lokacin da muke zuwa barka. Dogon ya ce wannan ruwa ba ya yi masa komai, goge ɗaya ya isa, shi ya sa aka fi sa shi a banɗaki. Na ɗauki wannan magana a matsayin shaidar inganci. Malam ma haka. Mu biyu, da takardunmu, muka ɗora akwatunan a bayan mota muna murna.

Malam ya aro littafin koyon aikin daga laburare, ya sayi guduma da cizal, ya ɓamɓare koren. Ya yi Asabar da Lahadi da dama a durƙushe, littafi a buɗe a gefe an danne shi da gwangwanin madara. Mutum ne mai haƙurin awo, aikinsa ke nan. Layukan suka fita a miƙe kamar na littafin rubutu. Da ya gama ya goge, falon ya yi haske. Anti ta zo ta gani, ta ƙare masa kallo, ta ce, "Ya yi tsabta." Na ji daɗin wannan magana ƙwarai.

Hajiya ta sauka a farkon kaka, ganyen itatuwa ya fara ja. Ta zo da akwati ɗaya na tufafi da buhu biyu na abin da ta tabbata babu a Amurka: gero, kanwa, kayan yaji, busasshen ganyen darbejiya. Yadda ta wuce da su a filin jirgi, har yau ban sani ba. Malam ya durƙusa har ƙasa ya gaishe ta, ta amsa tana kallon gefe, kamar yadda ya kamata. Duk zamanta ba ta taɓa yi masa magana kai tsaye ba in ban da gaisuwa. Ta bakina take aika masa saƙo, ko da yana tsaye kusa da ni.

Ba ta zauna ba, ba ta sha ruwa ba. Ta ce a nuna mata wurin.

Ta tsaya a gabansa ta harɗe hannu a baya. Ta dubi sama, ta dubi ƙasa. Ta sunkuya ta bi gefen dakalin da ido daga wannan kusurwa zuwa waccan, ta leƙa bayansa, ta ɗaga bakin kafet da yatsan ƙafa.

"Ina rariyar?"

"Wace rariya, Hajiya?"

"Ta ina ruwan yake fita?"

"Wane ruwa?"

"Ruwan wanka mana. Dabarar dai ta yi, ga wuta ga wurin wanka, ba sai an ɗauko ruwa an keta tsakar gida da shi ba. Amma wa ya ce a yi shi a tsakiyar ɗakin baƙi, ba ƙofa, ba labule? Kuma ba rariya?"

A nan ne na tuna a wane ɗaki na ga farin tayil a gidajen manyan ma'aikata. Na dubi Malam, na ga shi ma ya tuna. Na sake duban aikinsa, da ramin nan baƙi a tsakiya, farin tayil ya kewaye shi yana ƙyalli, na kasa ganin komai sai abin da Hajiya ta gani.

Na yi mata bayani. Na ce ba wurin wanka ba ne, wurin jin ɗumi ne, a nan za a gasa nama, a nan zan zauna bayan wanka, a nan baƙi za su zauna ranar suna.

"A nan?" Ta nuna da haɓa. "Ni zan gasa miki naman da za ki ci a nan? Mata su zo barka su zauna suna fuskantar wannan? Ke Malama, karatun ne ya yi miki haka?"

"Hajiya, sabo ne fa. Ba a taɓa..."

"Na san sabo ne. Sabon masai ma sabo ne, ba a cin tuwo a kansa."

Ta nemi buta ta yi salla a ɗakin da muka gyara mata, ba a falon ba. Da ta idar ta ce in ce wa maigidan ya binciko ranar da jirgi ke komawa, kujera biyu. Buhunan nan ko kwance bakinsu ba ta yi ba.

Kwanakin da suka biyo baya ta zauna da mu lafiya, tana ratsa falon da kai a juye kamar mai wuce wanda suke gaba. Malam ya ce zai ɓamɓare ya sake wani. Na ce ta ba mu dama a gyara. Ta ce ita ba ruwanta da gininmu, gida namu ne, mu sa masa abin da muka ga dama, ita 'yarta ta zo ɗauka. Na san halin Hajiya. Duk abin da muka sake kawowa za ta samo masa aibi, domin ta riga ta yanke hukunci, saura hujja. Amma na san wani abu kuma. Tun tasowata ban taɓa jin ta kushe abin da ita ta sayo da hannunta ba. Akwai wata randa a gidanmu da ta yi shekaru tana yoyo, Hajiya na cewa ƙasar wurin ce mai laima.

Na ɗauko takardar tallan nan ta Malam, na buɗe shafin kare da zomo, na ajiye a gabanta bayan ta gama karin kumallo.

"Ga wanda Malam zai sayo gobe. Ya ce tunda farin bai yi ba, a sa mai ado."

Ta kai takardar nesa da idonta, ta dawo da ita kusa.

"Wannan kare ne?"

"Kare ne. Akwai mai alade ma, amma ya ƙare."

Babu mai alade. Ta ajiye takardar a kife.

"Ku biyun nan ba a aikenku kasuwa. Ɗauko min mayafina."

Dogon ya gane mu. Na ce masa ga mahaifiyata, ya ce Mama, ya miƙo hannu, Hajiya ta dubi hannun har ya mayar da shi aljihu. Ta wuce farin ba ta kalle shi ba. Ta wuce masu fure, ta wuce masu ruwan zinariya, ta ɗan tsaya a wani shuɗi ta ce zai yi kyau a zane. Sai ta hango jan nan marar ƙyalli, can ƙasan kanta, ta ce a ɗauko mata ɗaya.

Ta riƙe shi ta kusurwa da yatsa biyu, ta sake shi yana lilo, ta kai kunne, ta ƙwanƙwasa da bayan yatsa. Haka take yi wa tukunya a kasuwa kafin ta taya. Ya yi ƙara siririya. Ta sake ƙwanƙwasawa a tsakiya. Sannan ta ce a ba ta ruwa. Dogon ya kawo a ɗan kofin takarda, yana zaton sha za ta yi. Ta tsoma yatsa ta ɗiga a bayan tayil ɗin, ta tsaya tana kallo har ɗigon ya shige, ta kai hanci ta shaƙa.

Dogon ya tambaye ni me Mama take yi. Na ce tana duba ko ya gasu. Ya ce in gaya mata duk daga masana'anta ɗaya suke, inji ne ke gasa su, babu bambanci. Na gaya mata. Ta ce in gaya masa 'ya'yanta ma duk daga ciki ɗaya suke. Na ce masa ta gode.

Malam ya ga an zo fagensa. Ya matso ya ce min a hankali, amma yadda za ta ji, ai irin jar ƙasar da ke bayan gidanmu ce, ƙarfen da ke cikinta ne ke ba ta wannan launi, kuma dangin ta wajen Zariya ce.

"Ce masa Allah ya ƙara ilimi," in ji Hajiya. "Ce wa wannan kuma ya buɗe akwatin."

Ba ɗaya ta ƙwanƙwasa ba. Ta sa aka kawo mata kujera, ta zauna a tsakiyar hanyar masu sayayya, aka buɗe akwatunan da za mu saya duka. Tana ɗauka, tana ƙwanƙwasawa, tana ajiye wasu dama wasu hagu. Mutane na ratsa mu da kekunan kaya. Wata tsohuwa Baturiya ta tsaya kallo, ta tambaya ko addu'a ake yi. Dogon ya ɗauki ɗaya daga na hagu, waɗanda aka ƙi, ya ƙwanƙwasa, ya ɗauki na dama ya ƙwanƙwasa, ya ce shi bai ji bambanci ba. Ni ma ban ji ba. Har yau ina zaton rabin waɗanda ta ƙi ba su yi laifin komai ba, sai dai ba a sayen abu ba a ƙi wani ba. Ya canza mata su bai yi musu ba.

Da za mu tafi ya kawo wani gwangwani, ya ce irin wannan tayil yana shan mai, dole a shafa masa wannan ya toshe shi, in ba haka ba duk abin da ya ɗiga ya zauna ke nan. Na fassara mata wannan daidai, kalma da kalma, don na ga gaskiyarsa.

"A toshe shi? Ta ina zai yi numfashi? Ce masa ya riƙe abinsa."

Malam ya sake durƙusawa da guduma da cizal, ya ɓamɓare aikin da ya fi alfahari da shi a rayuwarsa bayan digirinsa. Wannan karon ba littafi ne a gefensa ba, Hajiya ce a kan kujera, tana jan carbi, tana aiko da gyara. Ce masa na kusurwar can ya karkace. Ce masa ya rage simintin. Ce masa ya tashi ya ci abinci, aikin ba gudu zai yi ba. Maganar kujerun jirgi ba ta sake tayarwa ba, amma ba ta janye ba. Cikina kuwa yana ta girma, ranar da jirgi zai daina karɓata tana matsowa, kowa a gidan ya san haka, ba mai faɗa.

Da siminti ya bushe ta ce a hura wuta ta gani. Malam ya sayo itace wajen wani manomi a kan hanyarmu. Hajiya ta ture shi gefe da ido, ta jera itacen da kanta, ta kunna. Wuta ta kama, hayaƙi kuma ya ƙi hawa sama, ya fito ya cika falon. Ni ina tari, Malam yana buɗe tagogi, ƙararrawar gobara tana ihu a silin. Hajiya na zaune a bakin dakali ko gezau, tana gyara itace. Can Malam ya leƙa cikin ramin da tawul a hanci, ya gano wani marfin ƙarfe a maƙogwaron bututun, wanda ba wanda ya taɓa gaya mana yana nan. Ya ture shi, hayaƙi ya miƙe sama.

"Ce masa ya buɗe wa zafin hanya yana gudu," in ji Hajiya. "Ɗakin mai jego ba ya rasa hayaƙi."

"Hajiya, a nan in hayaƙi ya yi yawa motar kashe gobara ce ke zuwa barka."

Ta bar wutar ta ci har ta zama garwashi. Ta ɗora tafin hannu a kan jan tayil ɗin dakali, ta ɗauke, ta mayar. Ta shimfiɗa zane ɗaya ta zauna, ta jingina bayanta da gefen murhun, ta miƙe ƙafa. Muna tsaye muna jira kamar ɗalibai a ƙofar ofishin shugabar makaranta. Garwashin ya mutu, ba ta tashi ba. Aka kira la'asar a agogon Malam, ta je ta yi, ta dawo ta sake taɓa wurin.

"Har yanzu da ɗumi," ta ce, ba da kowa take ba. "Na san zai riƙe. Tun a kantin na ji muryarsa."

Daga nan muka shiga ciniki, ni da ita, muna zaune a kan dakalin. Wanka a baho za a yi, a banɗakin gaskiya mai ƙofa da rariya. Ruwa a kan murhun girki na kicin za a dafa, don babbar tukunya ba za ta shiga ramin ba. Na ce a asibiti an yi gargaɗi a kan ruwan da ya cika zafi da kanwa mai yawa, kuma likitocin gida ma suna faɗin haka. Ta ce likita bai taɓa haihuwa ba. Na ce wannan likitar mace ce, 'ya'yanta uku. Ta ce to a sirka ruwan kaɗan, kanwar kuma ita ke zubawa, ba likita ba. Na bar wannan zuwa wani zama.

Malam yana tsaye a ƙofar kicin da tsintsiya, wai yana share toka. Hajiya ta gyara mayafinta.

"Tambaye shi, a garin nan ina ake samun rago?"

"Rago, Hajiya?"

"Da me za a yi sunan, da kaza? Ya fara nema tun yanzu, kada a zo ana gobe suna ya kawo min abin da ya ga dama. Kuma ƙafar saniya ta yin ƙauri, ya tambayi mahautansu ko suna sayarwa ko zubarwa suke yi."

Malam ya ce akwai wani mai gona gaba da mu kaɗan da ke kiwon tumaki. Na faɗa mata, ko da yake ta ji.

Na haihu a tsakiyar sanyi, mace. Na rubuta babi biyu na ƙarshe a zaune a kan dakalin nan, bayana a jingine da jan tayil, takardu a cinya, Hajiya a gefe tana juya nama a kan garwashi tana ce min in ajiye biro in ci. A makon farko kitse ya ɗiga a gaban murhun, ya shige, ya yi baƙin tabo mai faɗin tafin hannu. Na goge da sabulu, na goge da toka, bai fita ba. Malamar tawa ta zo barka da furanni, ta sa hannu a babin da na ba ta, ta zauna a dakalin ta ci nama da yaji har hawaye ya zubo mata, Hajiya tana ƙara mata.